A Gyara Gida Kafin Hadari Ya Taso Daga Gabas

A ƙasashen bakin teku irin su Amurka akwai lokacin mahaukaciyar guguwa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Irin wannan guguwa ba ta isowa Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, domin teku na nesa. Amma akwai dangantaka. Hadarin da ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas, shi ne wani lokaci kan faɗa Tekun Atlantika ya riƙa ya zama guguwar can. A nan kuwa iskar da ke gaban hadarin ce ke ɓarna, musamman a watannin Mayu da Yuni.

Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Takan fara da gefen kwano da kusurwa. Da zarar falle ɗaya ya buɗe, sai ta shiga ƙarƙashi ta yaye sauran. Saboda haka tun da bazara mai gida ya sa kafinta ya hau ya duba. A canja duk katakon da gara ta ci, domin ƙusa ba ta riƙo a ruɓaɓɓen itace. A buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba, a kuma yawaita ta a gefe. Abin da aka fi mantawa shi ne ɗaure katakon da jikin bango da langalanga ko waya mai kauri. In ba a yi haka ba, rufin kan tashi gaba ɗaya, ƙusoshinsa na nan daram. Jera duwatsu a kan kwano dabara ce ta wucin gadi, kuma in iska ta yi ƙarfi kan mutane suke faɗowa.

Mai soron ƙasa ya yi yaɓe da wuri, ya share indararo. Mai ɗakin jinka ya sabunta igiya, haka ma rumbu.

Bayan iska sai ruwa. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. A Kazaure da Roni, inda duwatsu suke, ruwa kan gangaro da sauri, to a buɗe rariya da kwata, a cika gindin katanga yadda ruwa ba zai kwanta ba. A watan Agusta ne katangu suka fi faɗuwa, sau da yawa da dare, bayan sun kwana biyu suna shan ruwa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rushe gidaje masu yawa a Jihar Jigawa. Duk ɗakin da ya tsage, kada a bar yara ko tsofaffi su kwana a ciki.

A rage rassan darbejiyar da suka rufa kan ɗaki, amma kada a sare itacen, domin shi ke karya ƙarfin iska. Uwargida ta ɗora hatsi a kan abu mai tudu, ta ƙulle takardun gona da katin asibiti cikin leda, ta ajiye tocila kusa. A riƙa sauraron hasashen hukumar NiMet a rediyo.

Idan gabas ta yi baƙi, a kira yara, a kashe wutar murhu, a rufe ƙofofi da tagogi. Kada a fake gindin itace, kada kuma a taɓa wayar lantarkin da ta faɗo.