Ƙungiyar Injiniyoyi da Ziyarar Gani da Ido: Ina Amfaninsu Ga Manomi?



Shekara uku ke nan da wata ƙungiya cikin waɗanda nake zagayawa ta tara kuɗi domin a yi kwalbati a kan ƙoramar da ta raba gari da gonaki. Kowa ya kawo abin da ya iya, wani kuɗi, wani dawa, wani kuwa ƙarfinsa. Muka kira magini, ya yi aiki mai kyaun gani, ni ma ina cikin waɗanda suka yaba. Ruwan Agusta bai yi mako biyu ba sai ya kwashe kwalbatin duka.

Bayan damina wani injiniya ya biyo ta wurin, muka roƙe shi ya duba. Bai fara da tarkacen siminti ba. Ya bi ƙoramar sama, ya nuna mana busasshiyar ciyawa da ruwa ya rataye a jikin wata bishiya, daidai ƙirjin mutum. Ya ce ga iyakar inda ruwa yake kaiwa, bakin kwalbatinmu kuwa bai isa ya haɗiye rabin wannan ruwa ba. Muka tambaye shi inda ya koyi duban wuri haka. Ya ce a makaranta ya koyi lissafi, amma ido ya buɗe ne wajen fita tare da 'yan ƙungiyarsu. Wannan ƙungiya da wannan fita nake so in bayyana mana.

Wace ce wannan ƙungiya?

Sunanta Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, ana taƙaita shi da NSE. Waɗansu samarin injiniyoyi da ɗalibai 'yan Nijeriya ne suka kafa ta a birnin Landan a 1958, tun kafin a sami mulkin kai. Yanzu hedkwatarta tana Abuja, tana kuma da rassa a manyan garuruwa. Akwai reshe a Gusau, akwai a Sakkwato. A ƙarƙashinta akwai sassa bisa ga sana'a: masu aikin hanya da gada, masu aikin lantarki, masu aikin injuna, da masu aikin injiniyan gona, watau waɗanda suka san ban-ruwa, da ɗakin ajiyar hatsi, da kayan sarrafa amfani. Mata injiniyoyi ma suna da tasu ƙungiya tun 1982.

Kada mu haɗa ta da COREN. COREN hukuma ce da gwamnati ta kafa da doka a 1970, ita ce take yi wa injiniya rajista, har da masu fasaha da ƙwararrun masu sana'ar hannu da suke aiki tare da shi. Ƙungiya kuwa ta 'yan sana'a ce da kansu, kamar tamu. Suna biyan kuɗin ƙungiya, suna zaɓen shugabanni, suna taro a kai a kai, suna shirya lacca, suna zuwa makarantu su ƙarfafa yara su riƙe lissafi da kimiyya. Ranar 4 ga Maris kowace shekara ita ce ranar injiniyoyi ta duniya, rassa sukan yi taro a lokacin. Mu lura, ƙungiyar ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Ba ta rabon taki, ba ta ba da rance. Abin da yake hannunta shi ne sani.

Me suke yi idan sun fita?

Cikin ayyukan reshe akwai ziyarar gani da ido. Sukan sa rana, su shiga mota tare, manya da ƙanana, wani lokaci har da ɗalibai, su tafi wurin wani aiki: gada, ko madatsar ruwa, ko gidan ruwa, ko masana'anta. Mai kula da wurin ya zagaya da su. Su duba tsagewar bango, su tambayi irin ƙasar da aka kafa tushe a kai, su tambayi abin da ya lalace da dalilinsa. Sa'an nan su zauna su tattauna, magatakarda ya rubuta. Akwai cin abinci da raha a ciki, gama zumunci ma aiki ne, amma ba yawon shan iska ba ne.

Sa'ad da nake kwalejin horon malamai an koya mana cewa yaro ya fi riƙe abin da ya gani ya taɓa, bisa ga abin da aka faɗa masa. Babba ma haka yake. Gani ya kori ji. Ƙaramin injiniya yana koyon kuskuren da wani ya yi ba tare da ya biya kuɗinsa ba. Mu kuwa mun biya kuɗin namu da dawar shekara guda.

Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum

Wataƙila wani ya ce aikin injiniya na birni ne. Bari mu tuna da 2010. A wannan shekara aka gane cewa gubar dalma ce take kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya da ake kawowa gida a daka, a niƙa, suna ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, yara suka yi wasa a ciki suka kai hannu baka. Yara wajen 400 suka rasu.

Likitocin ƙungiyar MSF suna da maganin da yake fitar da dalma daga jini. Amma in aka yi wa yaro magani aka mai da shi gidan da ƙasarsa take da guba, aikin banza ne. Tilas a tsabtace gari kafin magani ya yi amfani. Nan ne injiniyoyi suka shigo, cikinsu har da na wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics, tare da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi. Suka bi gida gida da wata na'ura ta hannu wadda take auna dalma a cikin ƙasa. Inda ta yi yawa, aka kankare ƙasar sama wajen santimita 5, aka binne ta a ramin da aka zaɓa nesa da gari, aka zuba ƙasa mai tsabta. Aka fara da Dareta da 'Yargalma, aka bi da Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza. Bagega ta jira har 2013.

Abin lura a nan shi ne, mutanen gari ne suka yi yawancin kankarar da fartanya. Injiniya ya auna ya nuna wurin, manomi ya sa hannu. Wannan magana ba ta tsufa ba. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024. Saboda haka kada a kawo dutsen zinariya cikin gida, kada kuma a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi.

Shi ma injiniya yana bukatar manomi

An gama madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a 1978. Babban aiki ne, har yau ana noman rani da ruwanta. Amma ba a saurari manoma yadda ya kamata ba. Waɗanda suke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da take jiƙa musu fadamar shinkafa. Waɗanda aka karɓi gonakinsu suka tashi neman diyya, a 1980 aka yi asarar rayuka da yawa. Lissafin siminti bai isa ba in ba a tambayi mai gona ba.

Haka yake a Gummi, inda kogin Zamfara yake ba mu fadama, yake kuma yi mana ɓarna. Ambaliyar Agusta 2024 ta rushe gidaje ta cinye gonaki, a watan Satumba kuma kwalekwale ya kife da manoma masu haye ruwa zuwa gona. Tsohon da ya yi shekara sittin a bakin kogi ya san inda ruwa yake fara ɓallewa. Injiniya bai sani ba sai an faɗa masa. Don haka in sun zo, kada mu zauna shiru kamar a gaban alƙali.

Yadda ƙungiyarmu za ta amfana

1. A rubuta wa shugaban reshe takarda da sunan ƙungiya. A faɗi matsala guda ɗaya a fili, kamar rijiya mai rushewa ko hanyar da ruwa yake yankewa, a roƙe su su sa wurin cikin ziyararsu, ko su aiko da mutum. In ƙungiyoyi uku ko huɗu suka haɗa takarda, ta fi nauyi.

2. A shirya kafin su zo. Da damina a buga turke ko a yi alama a bishiya inda ruwa ya kai, a rubuta ranar. A ɗauki hoto da waya. A rubuta zurfin rijiyoyin gari da watan da suke ƙafewa.

3. A gayyaci mai unguwa, da dattawa, da mata, da maƙwabta duka, ko suna cikin ƙungiya ko ba sa ciki. Mata ne suka fi sanin halin rijiya. A kira magini na gari ma, domin ya koya, ba domin a kunyata shi ba.

4. A bambanta shawara da zane. Shawarar baki kan zo kyauta, amma zanen aiki da lissafinsa sana'a ce, ana biya. A sa wannan cikin kasafi tun farko. In mutum ya ce shi injiniya ne, ba rashin kunya ba ne a nemi lambar rajistarsa ta COREN.

5. A kula da hanya. Dukanmu mun san halin da ake ciki na 'yan bindiga. Kada a sa baƙi ko 'yan ƙungiya cikin haɗari. A nemi shawarar hakimi da jami'an tsaro. In hanya ba ta da kyau, mutum biyu su ɗauki hotuna, da awo, da ɗan samfurin ƙasa a leda, su kai wa injiniyoyin a gari.

6. Mu ma mu riƙa fita. Kafin mu kashe kuɗi a kan ɗakin ajiya ko famfo mai aiki da hasken rana, mu aiki mutum huɗu ko biyar su ga na wata ƙungiya wanda ya yi damina uku. Su tambaya: nawa aka kashe, me ya fara lalacewa, wa yake gyara, ina ake samun kayan gyara? Su dawo su ba da rahoto a taro.

Ga kuma abubuwa kaɗan da kowane injiniya zai faɗa mana. Rijiya ta yi nisan mita 30 ko fiye daga masai, ta kuma kasance a sama da shi, ba a gangarensa ba. Kankaren da aka saba yi wa ƙananan ayyuka shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Bayan an zuba, a riƙa jiƙa shi da ruwa har kwana 7 aƙalla, gama kankaren da ya bushe da sauri ba ya ƙarfi. Daɓen ɗakin ajiya kuwa ya ɗara alamar ambaliya mafi girma da dattawa suka tuna.

Ƙungiyar nan da na ambata ta sāke tara kuɗi. Wannan karo an auna ƙoramar tukuna, an yi wa kwalbatin baki biyu, ya kuma ga damina biyu yana nan. Ina roƙon kowane magatakarda ya karanta wannan a taro na gaba, a zaɓi aiki guda da za a nemi shawara a kansa kafin rani ya wuce. Matambayi ba ya ɓata.