Parakou da Djougou: wa aka tambaya kafin a ce makiyayi ya zauna?

Tun da gwamnatin Benin ta Patrice Talon ta hana shigowar garken shanu daga ƙasashe maƙwabta a ƙarshen 2019, ta kuma kafa ofishin zaunar da makiyaya wuri ɗaya a 2021, zancen da ake yi a arewacin Benin bai wuce na rijiyoyi da filin ciyawa da kuɗin aikin ba. Ba a cika tambayar da wa aka zauna aka tsara shirin ba, alhali a nan gizo ke saƙar.

Jin ra'ayi daban, tsara abu tare daban. A na farko jami'i ne ke zuwa da takarda a rubuce, ya karanta, a tafa. A na biyu makiyayi ne zai nuna inda burtali ya bi tun zamanin kakansa, manomin doya ya nuna inda ya saka iri, a ja layin a gaban kowa. Birnin Porto Alegre na Brazil ya soma irin wannan da kasafin kuɗinsa tun 1989.

Sai dai Parakou da Djougou ba sa buƙatar aro daga nesa. Garuruwan nan biyu na arewacin Benin a da zango ne a hanyar fataken goro da ke tasowa daga Kano su ratsa Borgu su nufi Salaga a ƙasar Gwanja. A Djougou, sarki na zaune a Kilir, 'yan kasuwa Musulmi masu jin Dandanci da Hausa suna unguwar Wangara, kuma suna da shugabansu, Baparape, wanda ke kai kukansu fada. Haka abin yake a Parakou tsakaninsu da sarki Akpaki. Madugu kan sauka da jakunansa ya tarar da mai masauki, a yi cinikin kuɗin fito baki da baki. Sarki ya san in ya tsawwala, ayari zai sake hanya. Tsarin ba cikakke ba ne, don bayi ba su da bakin magana a cikinsa, kuma har yau jikokinsu, Gando, suna jin raɗaɗin wannan. Amma an yarda cewa baƙo na da abin cewa kan dokar da ta shafi cinsa da shansa.

Yau fa? Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2002, kowace daga cikin 77 ɗin da ke ƙasar tana rubuta shirin raya yankinta, wai da sa hannun jama'a. Amma takardun da Faransanci suke, taron kuma yakan faɗo da hantsi, lokacin da makiyayi ke daji. Bafulatanar da ke yin cukun wagashi, ta rina shi ja da karan dafi ta jera a tire a bakin titin Parakou, ita ta fi kowa sanin abin da nisan mashaya ke yi wa nono. Wa ya aika mata?

Majalisar dokoki ta ware wa mata kujeru 24 cikin 109 tun zaɓen 2023, abin a yaba ne. To, magadan garin Parakou da Djougou me suke jira? Su kai taron ruga da kasuwar shanu bayan la'asar, da tafinta na Fulatanci da Dandanci da Batonu da Yom, taswirar kuma a zo da ita ba a riga an ja mata layi ba.