Ruwan Gishiri Ba Ya Wanke Gangancin Mai Feshi

Wata magana ta daɗe tana yawo a gidajen Gumel: wai in aka jiƙa latas ko kabeji a ruwan gishiri, aka matsa lemon tsami, to duk maganin feshin da ke jikinsa ya fita. Uwargida ta yarda, mai kayan gwari ya yarda. Manomin rani kuwa ya fi kowa murna, domin ta ba shi hujjar yin feshi da yamma ya tsinke tumatir da asuba.

Na gaji da jin wannan zance. Wani maganin a kan fata yake tsayawa, wanki na rage shi ƙwarai. Wani kuwa dama an yi shi ne don ya ratsa jikin shuka, ta yadda tsutsar da ta ci ganye za ta mutu. Ta ina gishiri zai bi ya kamo wanda ya riga ya shige tsokar tumatir? A 2017 masu bincike a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun jiƙa tuffa a ruwan bekin soda. Sai da ta yi minti 12 zuwa 15 kafin maganin saman ya fita, wanda ya shige ciki kuwa yana nan daram. Tuffa ke nan mai santsin fata, balle alayyafo.

Hannun masu feshi ya ƙara nauyi tun 2016, lokacin da tsutsar Sharon ta cinye tumatir a Arewa. Galibin kayan miyarmu kuma daga nesa suke zuwa, daga fadamun Haɗeja da wajen Kano. Mai saye a kasuwar Maigatari ranar Alhamis bai san ranar da aka yi wa kayan feshi ba. Ko a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda sinadarin da ke cikin maganin ƙwarin nan ota-fiya-fiya. Su sun ƙi, mu muka ci.

Ba cewa nake a daina wanki ba. Uwargida, fara zubar da ganyen wajen kabeji da latas, su suka sha feshi. Ki zuba ƙaramin cokali 2 na bekin soda a lita 1 ta ruwa, ki jiƙa na minti 15. In babu, gishiri ma ya fi babu. Sannan ki murza da hannu, domin murzar ce rabin aikin. Ki tsamo kayan daga ruwan, kada ki tsiyaye shi a kansu, ki ɗauraye da sabon ruwa. Na san ruwa da tsada a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, amma roba ɗaya ba ta wanke kwando guda. Karas da kokwamba a fere su. A wanke kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Masu zuba omo ko bilic kuma, don Allah ku bari, guba kuke ƙarawa kan guba.

Sauran aikin na manomi ne. Masu haɗa maganin suna rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Wanda ba ya iya karantawa ya tambayi malamin gona na hukumar aikin gona ta JARDA. Malam, abin da ba za ka yarda ɗanka ya ci ba, kada ka ɗora shi a mota zuwa kasuwa.