Shin Ko Kun San? Hanyar Keke Mai Kwana 114

Shin ko kun san cewa a kudancin birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai wata hanya da tsawonta kilomita 9 ne kacal, amma kwanarta 114? Sunanta Chapman's Peak Drive. An sassaƙe ta ne a jikin dutse tsakanin Noordhoek da Hout Bay, garin masunta. Mai keken da ya taso daga Noordhoek, dutse na damansa, tekun Atlantika na can ƙasa a hagunsa.

Fursunoni ne suka yi aikin, daga 1915 zuwa 1922. Dabarar injiniyoyin abin yabo ce: sun bi layin da dutse mai tauri na ƙasa ya haɗu da mai laushi na sama, suka fafe mai laushin, suka shimfiɗa titi a kan mai taurin. Sai dai laushin nan ne ya zama jidali, don duwatsu ba su daina gangarowa ba. Bayan an yi asarar rai, aka rufe hanyar a Janairun 2000. Ba a buɗe ta ba sai Disamban 2003, bayan an kafa ragar ƙarfe mai tare duwatsu, an yi wa wasu wurare rufin kankare, an kuma sa wa motoci kuɗin wucewa.

Ko kun san ta nan ake bi a tseren Cape Town Cycle Tour na watan Maris? Kilomita 109 ne, a wasu shekarun mahaya sun kai 35,000. A 1978 da aka fara, 525 ne suka yi rajista. A 2017 kuwa soke shi aka yi, don iska ta riƙa fizge kekuna daga hannun masu su tun a wurin tashi.

Ni dai a ganina Chapman suna ne da kyau kawai, ba shi ne mai karya gwiwa ba. Mahayi na gangarowa Hout Bay, ya hango jiragen kamun kifi a tasha, ya ɗauka wahala ta ƙare. Ashe Suikerbossie na jiransa a bakin gari: hawa ne na kusan kilomita 2, amma ga wanda ya riga ya ci wajen kilomita 90 a cikin rana, ya fi ƙarfin wasa. A nan za ka ga ƙato ya sauka yana tura kekensa, 'yan kallo a gefen titi suna yi masa kirari.