Ƙwan Agwagwa: A Wanke Ko Kada A Wanke?

A daminar bara mun ziyarci wata uwargida mai kiwon agwagi a bayan gari. Muka iske ta a tsakar gida da sassafe, ta cika kwano da ruwan randa mai sanyi, ta zuba ƙwai wajen 20 a ciki ta bar su su jiƙa. Da muka tambaye ta dalili, ta ce, "Ai ranar kasuwa ce gobe. Wa zai sayi ƙwai da kashi a jikinsa?" Gaskiyarta. Amma kuma ta yi mana kuka cewa mai shayin da ya saba saye a wurinta ya daina, wai ƙwanta ba ya kwana uku sai ya zama ɓaragurbi. Ba ta san cewa a cikin kwanon nan ɓarnar take farawa ba.

Mun san da yawa cikin masu karatunmu suna kiwon agwagi, kuɗin ƙwai kuwa shi ne na gishiri da sabulu da littafin makarantar yara. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattauna wannan magana.

Me ya sa ƙwan agwagwa yake da datti?

Kaza tana son wuri busasshe, takan hau sama ta yi ƙwai. Agwagwa kuwa abokiyar ruwa ce. Takan shiga kwata da taɓo, ta komo da ƙafafu jiƙe, ta taka sheƙarta da su. Kashinta ma ruwa-ruwa ne. Sau da yawa a ƙasa take ajiye ƙwai, wani lokaci a inda ta kwana. Don haka da wuya a ɗauko ƙwan agwagwa fes, balle da damina.

Rigar da ido ba ya gani

In mun dubi ɓawon ƙwai sai mu ce a rufe yake ruf kamar kwalba. Ba haka ba ne. Akwai ƙananan ƙofofi dubbai a jikinsa, waɗanda ɗan tsako yake shan iska ta cikinsu tun yana ciki. Sa'ad da agwagwa za ta saki ƙwai, jikinta yakan shafe shi da wani abu mai santsi kamar kakin zuma, wanda yake bushewa nan da nan ya toshe ƙofofin. Shi ya sa in kun taɓa sabon ƙwan agwagwa za ku ji kamar an shafa masa mai. Wannan riga ita ce mai gadin ƙwai. Muddin tana nan, kuma ɓawon a bushe yake, da wuya ƙwayoyin cuta su sami hanyar shiga.

To, me yake faruwa in an tsoma ƙwai a ruwan sanyi? Abu biyu. Na fari, ruwa da gurzawa suna cire rigar. Na biyu, sanyi yana sa abin da ke cikin ƙwan ya tsuke, sai ya zuƙo ruwan ta ƙofofin nan, kamar yadda yaro yake zuƙar ruwa da tsinken gwanda. Ruwan kuwa ya riga ya gauraye da kashi. Watau an kwashe dattin daga waje an kai shi ciki. Ƙwai ya yi fari a ido, amma cikinsa ya fara ruɓa. Hausawa suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba asarar kuɗi kaɗai ba ce

Cikin ƙwayoyin da ke zama a kashin agwagwa akwai wadda likitoci suke kira Salmonela. Tana kawo zawo da amai da ciwon ciki da zazzaɓi. Babban mutum mai ƙarfi yakan warke bayan 'yan kwanaki, amma ga jariri, da tsoho, da mace mai ciki, abin yakan yi tsanani. Agwagwa tana iya ɗauke da ita tana yawonta lafiya lau, ba wata alama. A shekarar 2010 a ƙasar Ailan mutane sun kamu da wannan ciwo ta wurin ƙwan agwagwa, har hukuma ta yi gargaɗi kada kowa ya ci shi sai ya dahu sarai.

Ko manyan ƙasashe ma hanyarsu ba ɗaya ba ce a kan wanke ƙwai. A Amurka ana wanke ƙwan kaji da inji kafin a kai kanti, amma tilas ruwan ya kai zafin digiri 32 aƙalla, ya kuma fi ƙwan zafi da wajen digiri 11. Daga nan ƙwan yana cikin sanyi har ya isa hannun mai saye. A yawancin ƙasashen Turai kuwa an hana wanke ƙwai mai daraja ta ɗaya, domin kada a taɓa rigarsa. Darasin a fili yake: wanda ya wanke ƙwai ya ɗauki nauyin sanyaya shi. Mu da ba kowa ke da firiji ba, mai shi ma wuta ba ta zama masa kullum, ya fi mana mu bar wa ƙwai rigarsa.

Tsabta daga sheƙa take farawa

Rigakafi ya fi magani. Agwagi sun fi yin ƙwai da asuba zuwa hantsi. In an tsare su a akurki har wajen ƙarfe 9 na safe, yawancin ƙwan za su faɗa a wuri ɗaya, ba a bakin kwata ko ƙarƙashin rumbu ba. A shirya musu sheƙa a ƙasa a lungu mai ɗan duhu, ɗaya domin agwagi 4 ko 5. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ko ƙaiƙayi, ko busasshiyar ciyawa da kauri. Da ya jiƙe a kwashe a kai gona, taki ne mai kyau, a zuba sabo. Kwanon ruwan shansu kuma ya zauna nesa da sheƙa, gama agwagwa ba ta shan ruwa ba tare da ta yi facaka ba. Sa'an nan a kwashe ƙwai da wuri, kafin su tattake shi. Wannan aiki ne da yara za su iya kafin su tafi makaranta, amma a koya musu su wanke hannu da sabulu in sun gama.

Raba su kashi uku

In an kwaso ƙwai, a zauna a raba.

Masu tsabta, kada a taɓa su da ruwa ko kaɗan. Su ne na sayarwa, su ne kuma za su fi daɗewa.

Masu ɗan datti, a bari dattin ya bushe, a goge shi a hankali da busasshen tsumma, ko busasshen soso, a wurin da ya ɓaci kaɗai. Tsumman nan a riƙa wanke shi ana shanyawa a rana, in ba haka ba shi ne zai riƙa raba cuta daga wannan ƙwai zuwa wancan.

Masu datti da yawa su ne kaɗai za a wanke. Ga yadda za a yi. A ɗumama ruwa mai tsabta har ya fi ƙwan zafi sosai, amma hannu yana iya jimrewa, wajen digiri 40 zuwa 45. Mu tuna da bazara ƙwan da ke ɗaki shi kansa da ɗumi yake, saboda haka ruwan rijiya ko na randa bai isa ba. A riƙe ƙwai ɗaya ɗaya, a zuba masa ruwan da buta yana gangarewa ƙasa, a murza da yatsu, a gama da sauri. Kada a jiƙa, kada kuma a tara su a kwano ɗaya. Kada a sa sabulu mai ƙanshi, domin ƙwai yana ɗaukar wari. A tsane shi da tsumma mai tsabta, a bar shi ya bushe sarai kafin a ajiye. Ƙwan da aka wanke ya rasa mai gadinsa, sai a ci shi ko a sayar cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wanda ya tsage kuwa ba na kasuwa ba ne. In tsagin sabo ne kuma ɓawon da tsabta, a dafa shi a gida ran nan. In ya tsage kuma da kashi a kansa, a yar.

Ƙwan da za a ba agwagwa ta kwanta a kai, kada a wanke shi sam. Irin agwagwarmu ta gida, mai jan fuska, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, takan yi kwana 35 tana kwanci, ta kaza kuwa 21. Ƙwan da ba shi da riga ya fi saurin ruɓewa cikin wannan dogon ɗumi.

Ajiya da sayarwa

A jera ƙwai a kiret mai tsabta, tsinin yana ƙasa, faffaɗan kan yana sama, domin a nan ne 'yar jakar iska take. A sa shi a ɗaki mafi sanyi, nesa da kananzir da albasa da kifi. Yana da kyau a rubuta ranar da aka kwaso shi da fensir a jikin ɓawon, a fara sayar da na farko. In ana shakkar wani, a duba shi da tocila a ɗaki mai duhu: sabo jakar iskarsa ƙarama ce, tsoho kuwa ta yi girma. Gwajin nan na sa ƙwai a ruwa a ga ko zai taso, na wanda za a dafa yanzu ne, ba na wanda za a kai kasuwa ba.

A kasuwa kuma kada a gauraya wankakke da wanda ba a wanke ba. A gaya wa mai saye, "Wannan na wanke shi, ki dafa yau. Wancan zai kai mako." A tuna masa ya dafa ƙwan agwagwa minti 10 bayan ruwa ya tafasa, har gwaiduwa ta daskare, kada kuma a ba yaro ɗanye ko a kaɗa shi cikin shayi. Mai saye ba ya ganin cikin ƙwai, amanarmu yake saye. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, ɓaragurbi ɗaya kuma ya isa ya kori mai ciniki na shekara guda.

Da muka koma gidan uwargidan nan bayan girbi, kwanon ruwan sanyi ya koma aikinsa na wanke-wanke. Mun ga buhun ɓuntu a jingine kusa da akurki, agwagin kuma suna ciki suna jiran ƙarfe 9. Ta ce yanzu cikin ƙwai 10 da ƙyar take samun ɗaya da yake bukatar ruwa. Mai shayi kuwa ya komo.