Idan Ta Ce Ba Ta Yi: Me Ya Sa Wasu Ba Sa Iya Mantawa?

Ka tura saƙo a WhatsApp, ta karanta, shiru. Bayan kwana uku sai ga amsa: "Ka yi haƙuri, ni dai kamar yaya na ɗauke ka." Ko kuma ke, saurayin da ya sha zuwa zance ƙofar gidanku, sai kawai ki ga katin ɗaurin aurensa da wata a Facebook.

Kowa zai ji zafi. Amma wani bayan mako biyu ya koma majalisa yana dariya, wani kuwa wata uku ba ya barci, ba ya cin abinci. Sau da yawa ciwon damuwa ne ke bambanta su.

A 2015 masu bincike a Jami'ar Michigan da ke Amurka, ƙarƙashin David Hsu, sun sa mutane zaɓar hotunan waɗanda suka kwanta musu a rai, sannan aka ce musu waɗancan ba sa son su, yayin da na'ura ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Masu lafiya, ƙwaƙwalwarsu ta saki sinadarin da ke rage raɗaɗi. Masu ciwon damuwa kuwa, sinadarin ya ragu. Ka ga kenan, idan ka ce wa irin wannan "ka manta da ita, mata sun ƙare ne?", ba ka san abin da yake ji ba.

Ciwon kuma yana canza yadda kake fassara abu. Ta ƙi ka, sai zuciya ta ce ba wanda zai taɓa son ka. Daga nan sai leƙen shafinta da ƙarfe biyun dare, sai gujewa abokai, ciwon ya ƙara kamari.

To yaya za ka gane ya wuce ɓacin rai? Idan ka shafe mako biyu cikin ƙunci kusan kullum, abin da kake so a da ya fita ranka, barci da ci suka rikice, je ka ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato. Addu'a ba ta hana neman magani.

Idan kuma tunanin kashe kanka ya fara zuwa, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka faɗa wa mahaifiyarka, yayanka ko amininka yau ɗin nan, su raka ka asibiti.