Farke da Ɗan Koli: Ma'anar Sunan Sana'a a Binciken Tarihin Zuri'a

Sau da yawa mai binciken tarihin zuri'a yakan ji an ce "kakanmu fatauci ya yi", sai ya rubuta "ɗan kasuwa" ya wuce. Wannan taƙaitawa tana ɓatar da hujja, domin Hausa ta bambanta masu yawo da haja, kuma kowane suna yana nuna inda ya kamata a nemi sawun mai shi.

Farke, ko bafatake, shi ne mai tafiyar dogon zango cikin ayari, ƙarƙashin madugu, tare da jagaba mai nuna hanya. A ƙarni na 19 fataken Kano kan ɗora wa jakuna kanwa da rinannun tufafi da kayan fata zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro bayan watanni masu yawa. Ɗan koli kuwa jarinsa kaɗan ne. Allura da zare da madubi da tozali da turare yake kasawa, yana bin kasuwannin ƙauye gwargwadon ranakun cinsu.

Bambancin yana da tasiri ga bincike. Idan kaka farke ne, akwai yiwuwar ya bar iyali a wani zango, don haka za a iya samun reshen zuri'ar a Gana. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, Hausawan garin sun watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi, saboda haka bincike ba zai tsaya a Salaga kaɗai ba. Sana'ar takan kuma nuna asali: Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi rinjaye a cikinta. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga Agalawa ya fito. Idan kuwa ɗan koli ne, sawunsa yana kusa, a kasuwannin da ke kewaye da garinsa da bakin dattawan unguwa.

Akwai kuma sauyin ma'ana. A yau kafofin watsa labarai sun fi haɗa "fatauci" da miyagun ƙwayoyi ko safarar mutane, har matashi kan ji nauyin danganta kakansa da kalmar. A da sunan sana'a ce mai daraja, ko da yake wasu ayarin sun yi cinikin bayi, kuma bai kamata mai nazari ya ɓoye hakan ba.

Don haka, kafin a rubuta sunan sana'ar, ya dace a tambayi mai ba da labari abu huɗu: wace haja kakan ya ɗauka, ina ya nufa, wane madugu ya bi, kuma kafin isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ne ko bayanta. Amsoshin nan ne za su tabbatar da ko farke ne, ko kuwa ɗan koli ne da jikoki suka ɗaukaka.